Gardamar Masoyan Hikaya a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga birnin Kano ta nufi Kazaure da Daura, ko kuwa wadda ta ratsa Dawanau da Bichi ta miƙe zuwa Katsina, zai lura da cewa wannan yanki ba shi da daji, domin tun daga Ungogo da Minjibir har Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi gona ce take jingine da gona, gida yana hangen gida, kuka da ɗorawa da gawo suna tsaye a tsakiyar gero da dawa, kowace bishiya da mai ita. Mutanen da Allah Ya zaunar da su kusa da juna haka, waɗanda aikin damina yake sakinsu da zarar an kai amfani rumbu, ya bar musu watannin rani masu tsawo, dole su zama ma'abota hira. Hira kuwa ba ta nisa sai da labari, labari kuma ba ya ƙarewa a bakin mai ba da shi, sai masu sauraro sun tsaya sun yanke wa mutanen cikinsa hukunci, wane ya kyauta, wance ta yi butulci, wane ne ya cancanci a ba shi yarinyar nan. Tarihin wannan al'ada nake nufin bi, wato ɗaukar ɓangare a cikin ƙagaggen labari, da ƙaunar mugun cikinsa, da mujadala a kan auren mutanen da ba a taɓa haifa ba, domin na ga jama'a da yawa suna zaton wayar hannu ce ta kawo ta, alhali kuwa ta girmi wayar, ta girmi rediyo, ta girmi isowar jirgin ƙasa Kano a 1911.

Asalinta tatsuniya ce. A zamanin da mata suke kaɗi da dare a gaban fitilar aci-balbal, bayan an ci tuwo an kwashe ƙore, tsohuwar gida ce take tara jikokinta da 'ya'yan maƙwabta a ɗakinta, hannu yana murza mazari baki yana zuba labari. In ta tambayi yaran wacce suke so, galibi sai su ce ta Gizo. Shi kuwa Gizo, in aka auna shi da ma'aunin shari'a, babu wani hali nagari da za a same shi da shi: maƙaryaci ne, mahandami, ya yaudari zaki, ya jefa kura cikin halaka, ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga cin amanarsa ba. Duk da haka shi yara suke ƙauna, tsamin bakinsa suke kwaikwaya a dandali washegari, in ya kuɓuta su yi shewa, in dubararsa ta juye a kansa su yi dariya har da hawaye, ba tare da wata uwa ta taɓa jin tsoron ɗanta zai tashi ɓarawo saboda haka ba. Akwai kuma tatsuniyoyin 'yar bora da 'yar mowa, waɗanda ake yi a cikin gidan da yake da bora da mowa na haƙiƙa, kowane yaro da ke zaune a tabarmar ya san matsayin uwarsa a wurin maigida, ya san dalilin da ya sa zuciyarsa ta karkata ga wannan yarinya ta bar waccan. Frank Edgar ya tara irin waɗannan labarai cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya sake tara wasu a farkon shekarun 1970, amma takarda labarin kaɗai ta iya ɗauka, musun da yake biyo bayansa ya tafi da waɗanda suka yi shi.

Malaman zaure ba su ba wannan abu daraja ba, sun sanya shi a babin hululu da lagwu, aikin mata da ƙananan yara. Amma a nan akwai abin lura. Almajirin da ya yi nisa a fannin lugga, bayan ya wuce littattafan fiƙihu na farko, yakan zauna gaban malaminsa ya karanci Muƙamar Hariri, wato maƙamomi 50 da Hariri mutumin Basra, wanda ya rasu a 1122, ya tsara a kan wani tsoho mai suna Abu Zaidin Saruji, wanda yau zai fito a rigar mai wa'azi, gobe a ta miskini, jibi ya kai ƙara gaban alƙali da shaidar zur, kullum yana raba mutane da dukiyarsu da zaƙin harshe. Malami yana fassarawa yana murmushi, ɗalibai suna jinjina kai saboda balagar wannan mazambaci, ba a kuwa taɓa jin wanda ya ce malam yana koyar da zamba ba, domin kowa a zauren ya san jin daɗin fasahar mugu daban, yarda da muguntarsa daban. Wannan rarrabewa da aka amince wa ɗalibin ilimi da ita, ita ce aka daɗe ana shakkar ko macen ƙauye tana da hankalin yin ta, kuma a ganina wannan shakka ita ce tushen yawancin rigimar da ta biyo baya.

Da Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari a 1933, littattafan da suka fito daga cikinta sun iske masu sauraro a shirye. Ba kowa ya iya boko ba a lokacin, saboda haka malamin makarantar elementare ko malamin haraji ko ɗan dagacin da ya yi aji huɗu shi yake karantawa a ƙofar gida, jama'a suna kewaye da shi, abin da ya ƙara yawaita da aka kafa ajujuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Malam Zurƙe ne ya gaji Gizo a zukatan mutane, har ana musu a kan wanda ya fi iya ramuwa tsakaninsa da Alhaji Imam. A Magana Jari Ce kuma Waziri maci amana ne ake jira a ga ƙarshensa. Amma Jiki Magayi na John Tafida da East shi ne ya fara ajiye wa masu karatu tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba, domin ga Abubakar da Zainab suna son juna tun ƙuruciya, ga attajiri Malam Shehu ya shigo da dukiya ya ɗauke ta, ga Abubakar ya bi duniya neman asirin ramuwa har masifa ta faɗa kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wa ya fi laifi a cikinsu? Mai kuɗin, ko iyayen da suka karɓa, ko wanda aka zalunta sannan ya wuce haddi? A ƙasar da kuɗin gyaɗa ya fara ɗaga wasu gidaje sama da maƙwabtansu, wannan tambaya ba ta cikin littafi kaɗai ba ce.

Rediyo ya faɗaɗa da'irar. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma ƙaramin akwati mai batir ya shiga ƙauyuka, manomi ya riƙa rataye shi a reshen bishiya yana noma, ya san Samanja, ya san mutanen Zaman Duniya Iyawa Ne kamar 'yan garinsu. Shirin Zaɓi Sonka kuwa ya haifar da ƙungiyoyin masu sauraro, samari da 'yan mata masu aika katin gaisuwa, kowa da laƙabinsa, suna sanin juna ta iska tun ba su taɓa haɗuwa ba, har su kai ga ziyartar juna a biki da suna. Waɗannan ƙungiyoyin masoya ne masu shugaba da magatakarda.

Fim ɗin Indiya ta hanyar ci-rani ya shigo. Majigin gwamnati da yake zagaya ƙauyuka darasin noma da tsafta yake nunawa. Amma saurayin da ya tafi birni bayan kaka yana dako ko ga-ruwa, in ya tara 'yan kuɗi yakan shiga sinimar Palace ko Plaza ko El-Dorado, in ya komo gida gab da shuka kuma ya zama shi ne sinimar, ya zauna a dandali ya ba da labarin fim tun daga farko har ƙarshe, yana tashi tsaye yana nuna yadda aka yi faɗa, ko da yake bai ji kalma guda ta harshen ba. Daga 1977 gidan talabijin na NTA Kano ya fara nuna finafinan Indiya, kuma bisa ƙidayar da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya kawo, zuwa 2003 ya nuna guda 1,176. Jama'a suka raɗa wa 'yan wasan sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Mugun fim, wanda ake kira bos, shi ne ma'aunin daɗinsa, domin in bos ba shi da kwarjini an yi asarar kuɗin shiga, shi ya sa Gabbar na fim ɗin Sholay na 1975 ya daɗe a bakin samari fiye da jaruman da suka yi galaba a kansa. Abin da ya fi kama zuciya kuwa shi ne ganin wata al'umma mai nisa, wadda ba addini ɗaya ake da ita ba, tana fama da abin da ake fama da shi a gida: uba ya zaɓa, 'ya tana kuka, masoyi talaka ne.

Sai dai galibin wannan na maza ne, domin matar aure tana cikin kulle, sinima kuma ba wurin 'yar mutunci ba ne a idon mutanen wancan lokaci. Abin da ya mayar da labari hannun mata, inda ya faro, shi ne shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, wanda ya sa 'yan matan ƙauye da yawa suka iya karanta Hausar boko kafin a aurar da su. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga littattafai uku da suka yi nasara a gasarsa, wato Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Bayansu marubuta suka daina jiran kamfani, suka riƙa kai rubutunsu ga maɗaba'u da kuɗin aljihunsu: Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. 'Yan koli suka ɗauko su daga birni suka baza a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, kusa da turare da ɗan kunne da man shafawa, yara masu talla suka shigar da su gidaje, littafi guda ya zagaya unguwa har bangonsa ya rabu da shi a ɗinke shi da zare. Kuma da yake kashi-kashi ake fitar da su, na ɗaya yau, na biyu sai bayan watanni, tsakanin nan fili ne na gardama.

Ga yadda abin yakan kasance. Dare ne na rani, an baza gyaɗa a tsakar gida ana ɓarewa, yarinyar da ta gama aji shida tana riƙe da In Da So Da Ƙauna kusa da fitilar ƙwai, ta kai inda aka matsa wa Sumayya ta rabu da Muhammad, talakan da take so, ta auri Abdulƙadir mai dukiya. Sai goggon maigida ta ɗaga hannu ta ce, "Ke 'yar nan, dakata. Shi Abdulƙadir ɗin mene ne laifinsa? Ta ƙofa ya shigo, ya gai da manya, yana da abin riƙe ta. So ake ci?" Amaryar gidan, wadda ba ta cika buɗe baki a gaban manya ba, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, ai da an tambaye ta." Uwargida ta watsa ɓawo gefe ta ce, "Mu da ba a tambaye mu ba, mutuwa muka yi?" Amarya ta ce, "A'a, Yaya," ta yi shiru. Da aka kai inda Sumayya ta faɗa rijiya, goggon nan da take kare mai kuɗi ita ce ta fara salati, ta ce a yi maza a karanta gaba a ji ko an ciro ta da rai.

Duk wanda yake tsakar gidan ya san ba zancen Sumayya kaɗai amarya take yi ba, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, tunda sunan wata ta kama. A nan fa'idar wannan al'ada take. Kunya da girmama na gaba sun hana yarinya ta dubi goggon mijinta ta ce an zalunce ni, sun hana uwargida ta ce har yau abin yana yi mini ciwo, amma hikaya ta ba su wani fili da za su faɗi ra'ayinsu a kan auren dole da kishi da saki da fifita mai kuɗi, a tashi ba a ɓata ba. Mas'alar kuwa ta fiƙihu ce tsantsa, ko da ba da sunanta suke kiranta ba, domin Risala ta ba uba ikon ijbari a kan 'yarsa budurwa, ta kuma buɗe masa ƙofar shawartarta, sannan ba ta ba kaka ko kawu ko yaya wannan iko ba, alhali a aikace sau da yawa su ne masu tilastawar. Haka nan mai karanta Alhaki Kwikwiyo Ne, in ta tsine wa amarya Delu da maigida Alhaji Abdu ta tausaya wa uwargida Rabi, hukunci take yankewa a kan haƙƙin ciyarwa da adalci tsakanin mata, ko da a ranta tana jin daɗin duk shafin da Delu ta fito, saboda ita ce gishirin littafin.

Masu karatu ba su tsaya a tsakar gida ba. Marubutan suna sa adireshinsu a bangon littafi, wasiƙu kuma suka yi ta zuwa, wannan yana roƙon kada a raba masoya a kashi na gaba, waccan tana ba da labarin kanta tana neman shawara. Marubutan su ma suka haɗu a ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan hali ba, domin a Amurka, bayan fitowar kashin farko na Little Women a 1868, 'yan mata sun dami Louisa May Alcott da wasiƙu a kan lalle Jo ta auri Laurie, ita kuwa ta ƙi.

Suka ta zo daga ɓangare biyu. Malaman jami'a, musamman Ibrahim Malumfashi wanda ya fara rubutu a kai a jaridar Nasiha a 1991 kuma ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, sun ga rauni a ƙa'idar rubutu da zurfin jigo da yawan kwaikwayon Indiya, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka mayar da martani, aka shafe shekaru ana munaƙasha a jaridu. Iyaye da masu wa'azi kuma suka ce littattafan suna koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu, a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta. Ni ban ce masu sukar ba su da hujja ba: akwai littattafan da aka rubuta da gaggawar neman kuɗi, akwai masu batsa da bai kamata su shiga hannun yarinya ba, kuma haƙƙin uba ne ya san abin da 'yarsa take karantawa. Inda na saɓa da su shi ne ɗaukar mai karatu tamkar tulu, wanda duk abin da aka zuba masa shi zai riƙe. Matan da na bayyana a sama suna tace abin da suka ji, suna karɓar wani suna watsar da wani, kuma auren dole da guje wa gidan miji sun riga littattafan nan zuwa ƙauye da shekaru aru-aru.

Daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, labarin ya koma kaset ɗin bidiyo, gidajen kallo masu shingen zana da benci da janareta suka buɗe a kowane gari mai kasuwa, mai hali kuma ya sa bidiyo a kayan ɗakin 'yarsa. Fim ɗin Sangaya ya fito a 1999, samari suka rabu ƙungiya-ƙungiya a bayan jarumai, ana liƙa hotunansu a shagon aski da jikin babur. A nan ne wata illa ta bayyana wadda tatsuniya da littafi ba su da ita, domin Gizo ba shi da jiki, amma mai fitowa a muguwar kishiya mutum ce mai iyaye da dangi. Marigayiya Hauwa Ali Dodo, wadda ta rasu a 2010, sunan Biba da ta fito da shi ya bi ta har ƙarshen rayuwarta, kuma da yawa daga masu fitowa a mugun matsayi sun sha zagi a hanya daga mutanen da suka kasa raba wasa da mai wasa. Wannan kam jahilci ne, ya kamata a faɗa.

Yau tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da YouTube da masu tura finafinai a waya a rumfunan kasuwa sun maye gurbin 'yan koli. Da shirin Labarina na Aminu Saira ya fito a 2020, an sake samun wata Sumayya, aka rabu a kan ko Mahmud ne ya dace da ita, ko Presido, ko Lukman, Baba Ɗan Audu kuma, da duk ha'incinsa, ya zauna a kujerar Malam Zurƙe. A wurin mai shayi da rumfar mai cajin waya a Bichi ko Minjibir za ka ji ana kafa hujja da asali da haƙuri da wanda ya fara zuwa da wanda ya yi ɗawainiya, su ne dai hujjojin da aka kafa a kan Zainab ta Jiki Magayi. Abin da ya ragu shi ne zama wuri guda. Littattafan yanzu a WhatsApp ake sayar da su ana karantawa, kowace yarinya da wayarta a ƙarƙashin mayafi, tana musu da tsararrakinta na Legas da Yamai waɗanda ba ta taɓa gani ba, goggo kuwa tana ɗaki ba wanda ya karanta mata, balle ta tsayar da karatu ta yi tambaya. Wannan ya fi damuna a kan duk abin da ake faɗa game da lalacewar labaran kansu, domin muhawarar tsara da tsara ba ta kai wadda ake yi tsakanin mai shekara 15 da mai shekara 60 amfani ba.

Littattafan shekarun 1980 da 1990 a takarda mai arha aka buga su, yawancinsu ba a sake bugawa ba, waɗanda suka rage suna ƙasan adaka da bayan kwalla a ɗakunan matan da yanzu suka zama kakanni, gara tana ci, wasu kuma an ba mai ƙosai ta naɗe kaya. Ina roƙon malamai da ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da na Jami'ar Bayero su shiga ƙauyukan nan da sallama, su nemi izinin masu gida, su karɓi abin da ya saura su adana, su kuma zauna da matan da suka karanta su, su rubuta wanda kowacce ta goyi baya da dalilinta, tun suna da rai da ƙarfin tunawa.